An Ɗaure Ni Don a Yi Mini Magani: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tilasci a Jinyar Taɓin Hankali a Damagaram

Tambayoyin nan sun daɗe suna dawo mini daga bakin waɗanda suka yi ciwo irin nawa, da iyayensu, da matansu, wani lokaci a layin karɓar magani, wani lokaci a bakin shagona, wani lokaci a waya da tsakar dare. Ni tela ne, ba likita ba. Ciwon ya buge ni sau biyu. Na yi wata huɗu da mari a ƙafa, an kuma taɓa danne ni aka yi mini allurar da ban san sunanta ba. Yau ina shan magani, ina kan kekena. Abin da jikina ya gani na faɗe shi a matsayin nawa, abin da na koya wurin likitoci da karatu kuma na ajiye shi yadda na same shi.

Me ake nufi da tilasci a nan? Ai lafiya ake nema wa mutum.

Tilasci shi ne duk abin da aka yi wa mai taɓin hankali da sunan magani ba da yardarsa ba. Wanda kowa ya sani shi ne na ƙarfi da yaji: igiya, sarƙa, mari, turu, garƙame mutum a ɗaki, ko ƙarti huɗu su danne shi a tsira masa allura. Akwai kuma wanda ba ya barin tabo a fata. "In ba ka sha ba, mu mai da kai wurin Malam." "In ba ka yi shiru ba a kira jandarmomi." Ko a ce masa gaishe da Kawu za a je, sai ya ga mota ta tsaya a ƙofar asibiti.

Na yarda lafiya ake nema. Amma kyakkyawar niyyar mai ɗauri tana zuciyarsa ne, igiyar kuwa tana ƙafar wanda aka ɗaure, kuma ita yake ji.

Wanda hankalinsa ya gushe yana ma sanin abin da ake yi masa?

Yana sani. Wannan ita ce tambayar da na fi so iyaye su ji amsarta, domin yawancin abin da ake yi mana ana yin sa ne bisa zaton cewa ba za mu tuna ba. Muna ji, muna gani, muna ajiyewa. Na tuna ranar da aka sa mini mari kamar jiya. Bayan la'asar ne. Maƙeri ya zo da gudumarsa a cikin buhu, yayana ya riƙe mini ƙafa yana kau da kai, Inna ta shige ɗaka ta saki labule. Na tuna sanyin ƙarfen, na tuna ƙarar gudumar tana bin ƙashina har ƙugu, na tuna yaran maƙwabta uku da suka leƙo ta kan katanga, har rigar da ke jikin ɗayansu. Abin da na faɗa musu ranar ya ɓace mini, abin da suka faɗa a kaina kuwa yana nan kalma kalma.

Ga abin da mutane ba sa lura da shi. A kwanakin nan ciwon yana raya mini cewa an haɗa baki za a hallaka ni. Da aka taru aka danne ni, sai zuciyata ta ce: ka gani ko? Ƙarfin da aka sa don a kwantar da ni shi ya zama mini hujja. Na ji irin wannan daga bakin mutane da yawa: tsoron da ciwon ya kawo daban, tsoron da ɗaurin ya ƙara daban, kuma na biyun ya fi daɗewa. Wasu shekaru bayan sun warke, in suka ji ƙarar sarƙar babur ko warin asibiti sai gabansu ya faɗi.

Akwai waɗanda allura mai sa barci ko zazzaɓi mai zafi ya shafe musu kwanaki daga ƙwaƙwalwa. Su ma ba hutu suka samu ba. Mutum ya farka ya ga ƙurji a wuyan hannunsa, ya tambaya, kowa ya ce "bari kawai, ya wuce", wannan ma wata azaba ce.

To iyayen da ke ɗaure nasu mugaye ne ke nan?

A'a, yawancinsu ba mugaye ba ne, kuma ba zan taɓa kiran Innata da wannan suna ba. Mutane ne da suka gaji, suka rasa madafa. Suna tsoron ya faɗa rijiya, ko ya fita babbar hanya mota ta kwashe shi, ko ya shiga gidan wani a ce ɓarawo ne a rufe shi da duka. Da damina kowa yana gona, ba mai zaman gadinsa. Wanda ke ƙauyen Tanut ko Gure ko Magarya sai ya biya kuɗin mota na mutum biyu ko uku kafin ya iso Damagaram, ga kuɗin magani, ga na abinci, ga kwana a waje. Yamai kuwa tafiyar kusan kilomita 900 ce. Sai kuma kunya, musamman in akwai ƴanmata a gidan da ake so su sami miji. Ba mu kaɗai ba ne: a 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60.

Sai dai fahimtar dalili daban, amincewa daban. Abin da na gani shi ne ɗaurin da aka yi don dare ɗaya ya zama na sati, na sati ya zama na shekara, saboda da zarar gida ya yi shiru sai neman magani ya yi sanyi. Abin da za a iya yi a madadinsa yana cikin amsar tambayar da ke kan wanda ke neman hallaka kansa ko wani.

Wace illa mari da turu ke yi wa jiki?

Ƙarfe yana cin fata, gyambo ya buɗe, ƙuda su bi, wani lokaci har ƙashi ya kamu, ga haɗarin ciwon tetanus. Igiyar da aka tamke tana danne jijiya, hannu ko ƙafa su mutu. Wanda ya daɗe a wuri guda naman ƙafarsa yana zubewa, gwiwa ta ƙage. Da aka kwance ni sai da na koyi tafiya da bin bango. Jini kuma yana iya daskarewa a jijiyar ƙafar da ba ta motsi, ya ɓalle ya toshe huhu, mutum ya mutu farat ɗaya. A zafin Afrilu da Mayu, wanda ba ya iya tashi ya ɗebi ruwa da kansa ƙishirwa ma tana iya kai shi lahira.

Mafi haɗari duka shi ne a kifar da mutum rub da ciki a hau bayansa ko a danne masa wuya. Numfashi ne ke tsayawa, kuma cikin mintuna kaɗan.

Idan ya ɗauki wuƙa, ko yana neman hallaka kansa, sai mu zuba masa ido?

Ba wanda ya ce haka. Ceton rai wajibi ne. Amma tsakanin zuba ido da kiran maƙeri akwai hanya mai faɗi. A fara da rage taro, domin ƴan kallo suna ƙara wa wuta fetur. A fitar da yara. A kawar da wuƙa, taɓarya, igiya, maganin ƙwari. Mutum ɗaya ya yi magana, wanda majinyacin ya fi yarda da shi, ko da ba shi ne babban gida ba. Ni ƙanwar mahaifiyata ce kaɗai muryarta ke shiga kunnena. A tsaya ɗan nesa, kada a tare masa ƙofa, a kira shi da sunansa, a miƙa masa ruwa. Kada a yi masa gardama kan abin da yake gani ko ji, kada kuma a ce ana gani. Ya isa a ce, "Na ga kana cikin tsoro, ina nan tare da kai, ba mai taɓa ka." Wannan kan ɗauki awa guda ko biyu, kuma a nan haƙurin mutane ke ƙarewa.

In duk ya faskara har aka riƙe shi, riƙon ya zama na mintuna, iyakar lokacin da za a karɓe makamin ko a sa shi a mota zuwa asibiti. A kwantar da shi ta baya ko ta gefe, kada a taɓa wuya da ƙirji, wani ya tsaya wajen kansa yana gaya masa abin da ake yi da dalilinsa. Duka ba ya cikin wannan ko kaɗan. Bayan ƙura ta lafa a zauna da shi a ba shi haƙuri.

Wani abu kuma: ba kowane ruɗewa ne taɓin hankali ba. In ruɗewar ta zo kwatsam tare da zazzaɓi mai zafi, sanƙarewar wuya, jijjiga, ko bayan buguwa a kai, to yana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ko sanƙarau, wanda mu a wannan yanki mun san shi sarai. Irin wannan asibiti ake gudu da shi a ranar. An sha ɗaure mai zazzaɓi ana jiran aljani ya fita.

Ya ƙi shan magani. Laifi ne in daka masa a fura, ko in yaudare shi zuwa asibiti?

Na san dalilin da ke sa uwa ta yi haka. Amma wanda ciwonsa ke raya masa ana zuba masa guba, ranar da ya ɗanɗana ɗacin ƙwaya a furarsa ya daina cin abincin gidan ke nan, kuma wannan karon yana da gaskiya. Ban da haka ba a san adadin da ya sha ba, wani yaro kuma yana iya shan ragowar. Yaudara zuwa asibiti ma sau ɗaya take ci. Daga ranar, ko suna aka ce a je sai ya yi zargi.

Gara a tambaye shi dalilin ƙin. Sau da yawa ba taurin kai ba ne, maganin ne ke wahalar da shi, kamar yadda na yi bayani a amsa ta gaba. Dangi kuma suna iya zuwa su ga likita su kaɗai tukuna, su nemi shawara kan yadda za a shawo kansa.

Bayan allura wuyana ya karkace, harshena ya fito, yawu na zuba. Ciwon ne ya ƙaru?

Yawanci aikin magani ne. Magungunan da aka fi samu a nan tsofaffi ne masu araha: haloperidol, wanda ake sayarwa da sunan Haldol, da chlorpromazine, wato Largactil, wanda aka fara amfani da shi ga masu taɓin hankali a Faransa tun 1952. Suna aiki, ni shaida ne. Amma suna iya sa wuya ya murɗe, idanu su juye sama, muƙamuƙi ya ƙage. Suna iya sa rawar hannu, tafiya a sanƙare, barci mai nauyi, jiri in an miƙe. Akwai kuma wata azaba da ba a gani da ido: mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ƙafafunsa suna ta neman tafiya kamar tururuwa na bin ƙashinsa. Na yi kwana uku ina safa da marwa a tsakar gida saboda ita, mutanen gida suna cewa haukan ne ya dawo, har ana maganar sake ɗaure ni. Da likita ya rage awon ya ƙara mini wata ƙwaya, sai ta lafa.

Karkacewar wuya tana da maganinta, irin su trihexyphenidyl da aka fi sani da Artane, kuma takan saki da wuri. A karɓe shi da takardar likita a farmasi, kada a saya a tiren masu yawo. In kuwa jiki ya sanƙare gaba ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi, gumi da ruɗewa, wannan na gaggawa ne, a koma asibiti nan take.

Abin da ya fi ci mini rai a wancan lokaci shi ne ba wanda ya gaya mini haka na iya faruwa. Magana ce ta minti biyu. Da an yi mini ita, da ban yi wata shida ina tofar da ƙwaya a bayan ɗaki ba.

Ina da ikon cewa ba na son allurar wata?

Kana da ikon tambaya, da ikon a saurare ka, da ikon a nemi yardarka. Allurar wata, irin su Modecate ko Haldol mai daɗewa, ana yin ta duk sati biyu zuwa huɗu. Tana da amfani ga wanda ke manta ƙwaya ko wanda garinsu ke da nisa, kuma na san mutanen da da kansu suka zaɓe ta. Matsalarta ita ce in ta shiga ba ta fita sai ta gama kwanakinta, shi ya sa ake fara gwada mutum da ƙwaya ko da ɗan ƙaramin awo. Ka tambayi likita abu huɗu: sunan maganin, amfaninsa, illarsa, da ko akwai wani a madadinsa. Ka sa a rubuta maka sunan a katinka.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ka yanke magani kai kaɗai dare ɗaya don fushi. Na yi, kuma shi ya jawo mini bugu na biyu. In ka gaji da shi, ka je ka faɗa, a rage a hankali ko a canja.

Malam ya ce aljanin ake duka, ba ni ba. Addini ya yarda da wannan?

Ni ba malami ba ne, amma bayana ne ya kumbura, kuma ni na kasa kwanciya a kansa. Ba na faɗa da ruƙiyya. Karatun Alƙur'ani ya sanyaya mini zuciya a daren da ba abin da ke sanyaya ta, kuma akwai malamai a garin nan da ba su taɓa ɗaga bulala ba, suna karatu suna kuma cewa a kai mutum asibiti. Faɗana da bulala ne, da hayaƙin barkono, da hana abinci, da mari.

Allah Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 70, Ya girmama ɗan Adam, kuma ba a cire mai taɓin hankali ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 5, inda ake maganar waɗanda ba za su iya riƙe dukiyarsu ba, umarnin shi ne a ciyar da su, a tufatar da su, a gaya musu magana mai kyau. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Wanda Ubangijinsa Ya ɗauke masa alƙalami, da wane dalili bawa zai ɗaukar masa bulala? Ga kuma ƙa'idar da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda almajirai ke haddacewa: babu cuta, babu cutarwa. Kafin ka bar naka a hannun kowa, ka ce a nuna maka inda zai kwana, ka duba ƙafafun waɗanda ke wurin.

In magani ya samu, ai ɗauri zai ƙare da kansa ko?

Haka na zata, amma ba haka abin yake ba. An yi wani gwaji a Gana, a wani sansanin addu'a inda ake ɗaure marasa lafiya, aka buga sakamakonsa a 2018. An ba wasu magani na sati shida, kuma sun sami sauƙi fiye da waɗanda ba a ba ba, amma yawan kwanakin da suka yi a sarƙa bai ragu ba. Wato ɗauri ya zama al'ada, sai an yi niyyar barinsa da gangan.

Wani binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda ya fito a 2020, ya nuna cewa in ma'aikatan asibiti suna ziyartar masu maganin gargajiya da na addini suna aiki tare, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Wannan hanya ce da ta dace da mu, tunda a nan kusan kowa ta wurin malam yake farawa.

Doka tana kare mai taɓin hankali?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a Disamba 2006, Nijar kuma ta tabbatar da ita a 2008. Masu taɓin hankali suna cikinta. Sashe na 12 ya ce mutum cikakke ne a gaban doka, na 14 ya ce naƙasa ba dalilin tsare mutum ba ce, na 15 ya hana azabtarwa da wulaƙanci, na 25 kuma ya ce a yi magani da yardar mai shi bayan an yi masa bayani. Tun kafin nan, a watan Mayu 2003, Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta yanke hukunci cewa dokar Gambiya ta tsare mahaukata ta keta mutuncinsu, kuma a Yamai aka yi zaman da aka yanke shi. Maƙwabtanmu na Najeriya, bayan ƴan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019, sun maye gurbin tsohuwar dokarsu ta 1958 da sabuwa wadda aka sa wa hannu a Janairu 2023.

A aikace, duka da jikkata mutum da tsare shi ba bisa ƙa'ida ba laifi ne a dokar ƙasa, ko mai hankali aka yi wa ko marar lafiya. In abin a asibiti ya faru, a fara da shugaban sashen ko hukumar asibitin. In a gida ne ko a unguwa, mai unguwa da liman sukan fi saurin buɗe ƙofa, in dai an je musu da maganar taimako, da mota da magani a hannu. In rai na cikin haɗari, ƴan sanda ko jandarmomi ko mai gabatar da ƙara a kotu. A ɗauki hoton raunin, a rubuta rana.

Matata ta ruɗe kwana kaɗan bayan haihuwa, an kulle ta an raba ta da jaririn. Daidai ne?

Wannan ciwo sananne ne, yana samun mace ɗaya ko biyu a cikin dubu, yawanci a sati biyun farko, kuma yana cikin waɗanda suka fi jin magani. Gaggawa yake buƙata, domin zazzaɓin haihuwa ma yana kawo irin wannan ruɗewa. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri, gaskiya ne, amma wannan ba ya nufin a raba su kwata-kwata. Gwaggo ko yaya ta zauna kusa, ta miƙa mata shi ta karɓa. Matan da na ji daga bakinsu, abin da ke sa su kuka har yau shi ne jin kukan ɗansu ta bayan ƙofa, nono na zuba, da kuma takardar saki da ta iske wasu tun ba su dawo hayyacinsu ba. Mace da aka kulle ko aka ɗaure a gidan da ba nasu ba kuma tana cikin haɗarin da kowa ya sani. Kada a bar ta ba tare da ƴar uwarta mace ba.

Ɗanmu tramol da wiwi suka taɓa shi. Shi ma ba za a ɗaure shi ba?

Mari yana raba yaro da ƙwaya muddin yana ƙafarsa, ranar da aka kwance shi ya koma fadarsu da ƙarin haushi. Yanke tramol farat ɗaya kuma yana kawo ciwon gaɓoɓi, gudawa, gumi, rashin barci da firgita, sai a ce iskoki ne. Yawan shansa yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma jijjiga a cikin sarƙa haɗari ce babba. Likita ne ke tsara yadda za a janye shi. Sauran aikin, wato sana'a da sauya abokai da wani babba da zai riƙa jin ta bakinsa, na gida ne.

Akwai inda aka taɓa yin wannan jinya ba da sarƙa ba, a ƙasashe irin namu?

Akwai, kuma tun da daɗewa. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin mutane. A asibitin Fann na Dakar, zamanin Dokta Henri Collomb, aka kafa tsarin kwantar da majinyaci tare da mai rakiya daga danginsa, ana kuma zama a da'ira, likita da majinyaci da dangi, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Grégoire Ahongbonon, mutumin Benin, mai facin taya ne a Bouaké ta Kodibuwa kafin ya fara bin ƙauyuka yana yanke sarƙoƙi. A cibiyoyin ƙungiyarsa ta Saint Camille, da yawa daga masu jinyar tsofaffin majinyata ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na samu sauƙi. Yaya zan yi kada a sake yi mini haka?

Ka yi magana yanzu da kake cikin hayyacinka. Ni na tara Yaya da Inna da matata, na sa aka rubuta a takarda, ɗaya a gida ɗaya a shago. Na faɗi alamuna na farko: in na kwana biyu ban yi barci ba, in na fara yanka yadi da tsakar dare, in na fara zargin maƙwabta. Na faɗi wanda za a kira, da likitan da ya san ni, da maganin da ya karɓe ni da wanda ya murɗe mini wuya. Na ce na yarda a kai ni asibiti ko ina gardama, in dai an gaya mini gaskiyar inda za mu, kuma Gwaggo na cikin motar. Na ce ban yarda da mari ba, ban yarda da bulala ba, ban yarda a tara mini unguwa ba. Muna kuma ajiye ɗan kuɗin mota da na magani a gefe, don kada rashinsa ya sa a koma ga igiya.

Ka kai wa likitanka kwafi ya sa a cikin takardunka. Dubi kuma amsar da ke kan allurar wata, domin tambayoyi huɗun nan suna cikin abin da ya kamata takardar ta ƙunsa.

Na kasa yafe wa yayana da ya riƙe ni aka ɗaure. Laifi nake yi?

Ba zan ce maka ka gaggauta ba. Mutane za su ce ai don kai aka yi, ka gode wa Allah ka warke, kuma wannan maganar takan rufe bakin mutum, ciwon ya koma ciki. Kana iya gode wa wanda ya ciyar da kai wata huɗu, kana kuma jin zafin abin da ya yi maka. Duka biyun gaskiya ne. In mafarkin abin yana tashinka, ko kana gudun asibiti saboda shi, ka gaya wa likita, domin wannan ma ciwo ne da ake dubawa.

Ni shekara uku na yi ba na haɗa ido da nawa. Wata rana bayan isha'i ya zo shago, ya zauna a kan benci ya daɗe bai ce komai ba. Can na ce, "Yaya, na ji duk abin da aka faɗa ranar nan." Ya ce, "Wallahi na ɗauka ba ka sani ba." Na ɗaga ƙafar wandona na nuna masa idon sawuna na hagu. Ya sa yatsa ya taɓa tabon, sai ya rufe fuska da hularsa. Ban ce na yafe ba a daren, shi ma bai nema ba. Yanzu shi ke ɗauka ta a babur ranar karɓar magani. Yakan tsaya a waje ƙarƙashin bedi, ba ya shiga wurin likita sai na leƙo na kira shi.